Kwanan Daji Don Hutawa: Labarin Gandun Itaska

A wajenmu kwanan daji ba wasa ba ne. Makiyayi yana kwana a daji saboda bisashensa. Manomi yana kwana a gona saboda aikin girbi. Matafiyi yana kwana a hanya don dare ya yi masa. Duk wanda kuka gani kwance a daji, to, lalura ce ta kai shi.

Amma akwai ƙasashen da abin ba haka yake ba. Mutum yana da gida na siminti, da wutar lantarki, da pampo, da gado mai katifa. Sai ya rufe gidan, ya kwashi iyalinsa cikin mota, su yi tafiya mai nisa. In sun isa ya biya kuɗɗi, don kawai su kwana a ƙasa cikin tanti, a bakin tabki. Kuna iya cewa: wannan wace irin dabara ce?

Ga dalili. Yawancin mutanen nan a manyan birane suke zaune. Suna yini cikin biro ko masana'anta, daga safe har maraice. Kunnensu ya gaji da ƙarar motoci. Wani yaron ya kai shekara goma bai taɓa ganin taurari sosai ba, saboda hasken fitilun birni. Abin da mu muke gani kullum, su sai sun biya suke ganinsa. Shi ya sa in hutu ya zo sai su nufi daji.

Bari mu ɗauki wuri guda mu duba shi da kyau, mu ga yadda ake wannan hutu, da abin da ya sa wurin bai lalace ba har yau. Sunan wurin Itaska.

Ina ne Itaska?

Ƙasar Amurka tana da jahohi 50. Akwai gandun dajin da babbar gwamnati take riƙe da su, akwai kuma waɗanda kowace jaha take riƙe da su da kanta. Itaska na jahar Minesota ne, can arewacin ƙasar, wajen iyaka da Kanada. Ana yi wa Minesota kirari da ƙasar tabki dubu goma, amma da aka ƙidaya sun ma zarce dubu 11.

Daga Miniyapolis, babban birnin da ya fi kowane yawan jama'a a jahar, zuwa Itaska kimanin kilomita 350 ne. Wato ya fi nisan Maradi zuwa Damagaram. Faɗin gandun ya zarce hekta dubu 13. A cikinsa akwai tabki manya da ƙanana fiye da 100. Wanda aka fi sani shi ne tabkin Itaska, wanda gandun ya ci sunansa. Mutane wajen rabin miliyan suke zuwa can kowace shekara.

Wanda ya san tabkin Madarunfa, da manyan itatuwan da ke gefensa, ya ɗan samu hoton abin. Sai dai itatuwan can ba irin namu ba ne. Wanda ya fi suna shi ne wani icce da ake kira pin. Yana miƙewa sambal kamar giginya, amma ya fi ta tsawo nesa. Ganyensa siriri ne kamar allura, kuma rani da damina kore yake. A Itaska akwai na shekara 200, akwai ma na shekara 300. In ka tsaya gindinsu ka ɗaga kai, sai hularka ta nemi faɗuwa.

Sanyin can kuwa ba a magana. Daga wajen watan Disamba har zuwa Afrilu, saman tabkin yana daskarewa ya zama ƙanƙara, har mutum ya taka ya wuce. Saboda haka yawancin masu kwana cikin tanti daga watan Mayu zuwa Oktoba suke zuwa. A watan Yuni yini yana da tsawo ƙwarai. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare.

Mafarin babban kogi

Abin da ya fi jawo mutane Itaska shi ne wannan: daga tabkin nan kogin Misisipi yake farawa. Misisipi yana cikin manyan kogunan duniya. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 3.700. Kogin Isa namu, wanda ya ratsa Yamai, ya ɗan fi shi, don shi ya kusa kilomita 4.200. Kuma suna da hali iri ɗaya. Isa yana fitowa daga duwatsun ƙasar Gine, ya nufi arewa maso gabas har wajen Tumbuktu, sannan ya karkato kudu. Shi ma Misisipi arewa yake fara nufa, sannan ya juyo ya gangara kudu har tekun Meksiko. An ƙiyasta ruwan da ya fita daga Itaska yana yin wata uku a hanya kafin ya kai teku.

A ƙarshensa, manyan jiragen ruwa ne suke shiga cikinsa. Amma a mafarinsa, faɗinsa bai wuce mita shida ba, zurfinsa kuma iyakar gwiwa. An jera duwatsu a wurin. Yara da tsofaffi suna tuɓe takalmi, su naɗe wando, su tsallake. In sun koma gida sai su riƙa faɗi: ni na ƙetare Misisipi da ƙafa. Kuma ba ƙarya suka yi ba.

Tun kafin Turawa su zo akwai mutane a wurin. An tono ƙasusuwan ɓauna da makaman dutse na mafarautan da suka zauna can kimanin shekara dubu 8 da suka wuce. Akwai tsofaffin kaburbura waɗanda doka ta hana a taɓa. Daga baya wata ƙabila da ake kira Ojibwe ta zauna yankin. Har yanzu suna nan, suna kamun kifi, suna girbin wata shinkafa da ke fitowa da kanta cikin ruwa.

A shekarar 1832 wani Bature mai suna Henry Schoolcraft ya zo neman mafarin kogin. Wani shugaban Ojibwe mai suna Ozawindib ne ya yi masa jagora har wurin. Ojibwe suna da sunan da suke kiran tabkin da shi tun da, amma Baturen ya raɗa masa sabo. Ya ɗauko kalmomi biyu na harshen Latin masu nufin "kai na gaskiya", ya gutsuro ƙarshen ta farko da farkon ta biyu, ya haɗa, ya samu Itaska.

Yadda ake yada zango

To, yaya mutum yake yi in yana son ya kwana can?

Da farko sai ya kama wuri tun yana gida, ta talho ko ta intanet. Ana iya kama wuri tun saura wata huɗu. Lokacin zafi, wanda ya yi jinkiri yakan tarar babu wuri. Motarsa ma sai an saya mata takardar shiga, a manna a gilashin gaba.

A cikin gandun an ware wuraren zango fiye da 200 inda mota take iya kaiwa. Kowane wuri yana da lamba. Filin bai fi ƴar tsakar gida ba. A cikinsa akwai tebur mai benci, da murhu na ƙarfe zagayayye inda ake hura wuta, da wurin kafa tanti. Mutum shida ne iyakar waɗanda za su zauna wuri guda. Kusa da nan akwai pampon ruwan sha, da makewayi, da wurin wanka, da wurin zuba shara. Akwai kuma wasu ƴan wurare can ƙuryar daji, inda mota ba ta zuwa. Mai son su sai ya goya kayansa a baya, ya taka da ƙafa.

Ga kayan da iyali suke zuwa da su. Tanti mai raga a ƙofa, don sauro ya yi yawa a bakin ruwa. Bargo mai kamar buhu, wanda mutum yake shiga ciki ya ja zik. Ƴar katifa ta shimfiɗawa a ƙasa. Fitila mai pil. Ƙaramin risho na gas, da tukunya, da kwanoni. Akwatin sanyi mai ƙanƙara don ajiye nama da madara. Rigar ruwa da rigar sanyi, don ko lokacin zafi dare yakan yi sanyi. Sai maganin sauro da ƴan magungunan rauni.

Wanda ba ya son kwanan ƙasa, akwai ɗakunan katako na haya. Akwai ma wani babban masauki da aka gina da gungumen icce tun 1905, kuma har yau yana karɓar baƙi lokacin zafi.

Yini guda a bakin tabki

Da asuba, abin da yake fara tada mutum shi ne kukan wani tsuntsun ruwa da ake kira lun. Ya fi agwagwa girma, baƙi ne da ɗigon fari, idonsa ja. Kukansa yana tafiya nesa a kan ruwa, kamar mai kiran wani. Mutanen Minesota suna ji da shi ƙwarai, har sun mai da shi tsuntsun jaharsu.

Bayan karin kumallo kowa ya kama abin da yake so. Wasu su shiga kwalekwale su tuƙa a hankali gefen tabki. Wasu su jefa ƙugiya. Yara su tafi wurin da aka ware don iyo, inda akwai rairayi. Wasu su hau keke. Wasu su bi ƴan hanyoyin ƙafa da aka fitar cikin daji, masu alluna da ke nuna inda aka dosa da nisan wurin. Akwai wata hanyar mota ta kilomita 16 da ke ratsa tsakiyar tsofaffin itatuwa. Akwai kuma wata hasumiya ta ƙarfe mai tsawon mita 30. Da can ma'aikata ne suke hawa don hangen gobara. Yanzu baƙi ne suke hawa, su ga daji da tabkuna shimfiɗe har iyakar ganinsu.

Mai tafiya shiru yana ganin namun daji. Akwai wata irin barewa mai farar wutsiya. Akwai gaggafa mai farin kai. Akwai wata dabbar ruwa da ake kira biba, mai kama da ƙaton burgu, wadda take sare icce da haƙoranta ta datse rafi. Akwai kyarkeci, amma ba kasafai ake ganinsa ba. Akwai kuma beyar, wata ƙatuwar dabba baƙa mai yawan gashi, mai son kayan zaƙi. Ma'aikatan gandun sukan tara yara da manya su yi musu bayani kan waɗannan dabbobi da itatuwa.

Da dare sai a hura wuta. A gasa kifi ko nama. Yara su soke wata alewa mai laushi a tsinke su gasa. A zauna ana hira. Wannan kam ba sai an yi muku bayaninsa ba, kun san daɗin hira a bakin wuta.

Yadda dajin ya tsira

Yanzu ga babbar magana. Dajin nan bai tsaya haka nan kawai ba. Saura kaɗan a share shi.

Wajen shekarun 1880, kamfanonin katako sun shiga dazuzzukan Minesota da ƙarfinsu. Icen pin yana da kyau wajen gini, kuma birane suna ta girma. Sai a sare gungume, a tura shi cikin kogi, ruwa ya kai shi masana'antar yanka katako. Daji bayan daji ya zama fili, sai kututture.

Wani mai awon ƙasa da binciken tarihi, Jacob Brower, ya yi aiki a bakin tabkin Itaska. Ya ga inda aka dosa. Ya dage wa majalisar jahar a kan a keɓe wurin. Masu katako ba su so ba. A watan Afrilu na 1891 aka jefa ƙuri'a, dokar ta wuce da ratar ƙuri'a ɗaya tak. Ku ji fa, ƙuri'a ɗaya. Ta haka Itaska ya zama gandun hutawa na farko a jahar Minesota.

Amma doka a takarda daban, aiki da ita daban. Masu katako sun ci gaba da sara a kewayen wurin. Har suka yi madatsa a kan kogin, kusa da bakin tabkin, don su tara ruwan da zai kwashe musu gunguma. Ruwa ya hau, ya fara cin gindin itatuwan da ke gaɓa. Icen pin kuwa in saiwarsa ta daɗe cikin ruwa mutuwa yake yi.

A shekarar 1903 mai kula da gandun ya rasu. Aka naɗa ɗiyarsa, Mary Gibbs, a madadinsa. Shekararta 24. A watan Afrilu ta je madatsar da takardar hukuma, ta ce a buɗe ruwan. Mai tsaron wurin yana riƙe da bindiga, ya yi barazanar harbin duk hannun da ya taɓa ƙarfen buɗewa. Ta matsa, ta ɗora hannunta a kai. Ƙarfen ya fi ƙarfin mutum ɗaya, bai motsa ba a ranar. Amma bayan ƴan kwanaki hukuma ta sa aka buɗe, ruwa ya sauka, itatuwan gaɓa suka tsira. Ita kuwa ba ta daɗe kan aikin ba, aka sa wani a wurinta. Yau babban ɗakin karɓar baƙi da ke kusa da mafarin kogin sunanta yake ɗauke da shi.

Daga 1933, lokacin da Amurka ta shiga matsanancin rashin aiki, gwamnatin shugaba Roosevelt ta ɗebi samari marasa aiki ta tura su dazuzzuka. Ana biyan kowane dalar Amurka 30 a wata, ba fa dalarmu ba, kuma ana aika 25 gidan iyayensa. Waɗanda aka kai Itaska sun dasa itatuwa, sun fitar da hanyoyi, sun yi gine-gine. Su ne suka gyara mafarin kogin. Sun gina wani ɗaki da gungumen da suka yi kaurin da guda huɗu kawai aka ɗora bisa juna bango ya tashi. Ɗakin yana nan har yau.

Dokoki da dalilinsu

Mutum rabin miliyan ba kaɗan ba ne. In kowa ya karya reshe ɗaya, ina dajin? Shi ya sa wurin yake da dokoki, kuma kowace doka da dalilinta.

Ba a saran icce. Ko busasshen da ya faɗi ƙasa ba a tsinta. Za ku ce asara ce. A'a. In ya ruɓe taki yake zama, kuma ƙwari da tsuntsaye a nan suke samun abinci da maɓoya.

Ba a zuwa da kowane irin itacen wuta daga nesa. Sai dai a saya a wurin, ko a zo da wanda hukuma ta amince da shi. Dalili shi ne wani ƙwaro kore da ya shigo Amurka daga nahiyar Asiya. An gano shi a 2002, ya iso Minesota a 2009. Tsutsarsa tana ɓuya ƙarƙashin ɓawon icce tana ci har iccen ya bushe. Ya kashe miliyoyin itatuwa. Shi da kansa ba ya tafiya da nisa sosai, amma a cikin damin itace mota tana kai shi ko'ina a yini ɗaya.

Mai kwalekwale sai ya tsabtace shi, ya tsiyaye ruwan da ke ciki, kafin ya kai shi wani tabki. In ba haka ba, zai kwaso baƙuwar ciyawa ko ƴan ƙwarin ruwa su mamaye wurin. Kowa a cikin jirgi sai an tanadar masa rigar da ke hana nutsewa, yaro ƙasa da shekara 10 kuwa dole ya sa ta a jikinsa. Kifi ma akwai iyakar yawan da mutum zai tafi da shi.

Ba a ba namun daji abinci, kuma ba a barin abinci a fili da dare. A rufe shi cikin mota. Beyar da ta saba da abincin mutane takan daina tsoronsu, ta riƙa shiga zango. Ƙarshenta ita ce take cutuwa.

Daga ƙarfe goma na dare zuwa takwas na safe ba a hayaniya. Kare sai da igiya a wuya. Wanda ya shiga ciyawa ya duba jikinsa da maraice, don akwai wata ƴar kaska da ke sa ciwo. Rigakafi ya fi magani.

Sai maganar wuta. Ba a hura ta sai cikin murhun da aka tanada. Ba a barinta babu mai tsaro. Kafin a kwanta a zuba mata ruwa, a motsa tokar, a sake zubawa, har ta huce. In fari ya yi tsanani, hukuma takan hana hura wuta gaba ɗaya. Amma ga wani abin mamaki. Masana sun gano ƴaƴan icen pin sun fi tsira a ƙasar da wuta ta share, inda rana take sauka. Tsofaffin itatuwan Itaska da yawa bayan gobara suka fito. Saboda haka ma'aikata da kansu sukan sa wuta a wani yanki da suka zaɓa, a ranar da iska ta dace, da mutane da kayan kashewa a tsaye. Wutar mai sani daban, wutar mai sakaci daban.

Ranar tafiya, iyali su naɗe tanti, su tsince shara har ƴar ƙaramar leda. Wanda zai zo gobe ya tarar da wurin kamar yadda suka tarar da shi. Wanda ya taka doka kuwa, tara tana jiransa.

Kun ga ke nan, inuwar da yaran Minesota suke sha yau, wasu ne suka tsaya mata shekara fiye da ɗari da suka wuce. Itatuwan da Mary Gibbs ta hana ruwa ya ci, wasunsu suna nan tsaye. Ana iya sare icen shekara 300 cikin ɗan lokaci, amma babu mai kuɗɗin da zai iya mai da shi. Sai dai a dasa wani, jikokin jikoki su jira.

Tambayoyi

1. Me ya sa mutanen birni suke zuwa kwanan daji?

2. Wane kogi ne yake farawa daga tabkin Itaska? Ta ina ya yi kama da kogin Isa?

3. An keɓe gandun a 1891. Mary Gibbs ta je madatsa a 1903. Shekara nawa ne tsakani?

4. Don me aka hana zuwa da itacen wuta daga nesa?

5. Akwai tabki ko daji kusa da garinku? Wa yake kula da shi, kuma waɗanne dokoki gare shi?